Daga Zariya zuwa Bismarck: Tarihin Zawarcin 'Yan Ƙwallon Kwando ta Ƙananan Kwalejojin Amurka

A Amurka akwai wasu kwalejoji masu shekara biyu waɗanda ɗalibi kan shiga bayan ya gama sakandare, ya fito da ƙaramar shaida mai kama da difloma, in ya so ya kama aiki da ita, in ya so ya wuce jami'a ya ƙarasa digiri. Mutanen ƙwallo kan kira su juco. Galibinsu a ƙananan garuruwa suke, kuɗin karatunsu bai kai na jami'a ba, kuma ba su cika mayar da mai takardar gama sakandare gida ba. Ɗaruruwansu suna da ƙungiyoyin ƙwallon kwando, kuma sama da shekara 60 ke nan kociyoyin manyan jami'o'i suna zuwa zawarcin 'yan wasansu. Mai karatu a Najeriya zai gane tsarin idan ya tuna da mai difloma ko NCE ko sakamakon IJMB da ake ɗauka kai tsaye zuwa aji biyu na jami'a. Bambancin shi ne a can aji uku ake sa shi, kuma sau da yawa ƙwallo ce ke biya masa kuɗin makaranta. Ta wannan ƙofa 'yan Najeriya da dama suka shiga ƙwallon kwandon Amurka, cikinsu har da wani yaro ɗan Zariya da ya zo ya shugabanci ƙungiyar da ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka.

Ba don wasa aka ƙirƙiro waɗannan kwalejoji ba. Ta farko a cikin na gwamnati da har yau take aiki ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai shida. Shugaban Jami'ar Chicago na lokacin, William Rainey Harper, yana ganin shekara biyun farko na jami'a ci gaban sakandare ne kawai, don haka gara a yi su kusa da gida, a bar wa jami'a bincike da zurfafa ilimi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar 1944 da ta ɗauki nauyin karatun tsofaffin sojoji ta cika makarantu maƙil, sannan rahoton kwamitin Shugaba Truman na 1947 ya ba da shawarar a kai irin waɗannan kwalejoji kusa da kowace al'umma. A shekarun 1960 aka yi ta buɗe su babu ƙaƙƙautawa. Ƙwallon kwando kuwa, wadda James Naismith ya ƙago a 1891, ita ce wasan da ya fi dacewa da ƙaramar makaranta: ɗaki ɗaya, raga biyu, 'yan wasa goma sha wani abu, ka haɗa ƙungiya.

A 1938 wakilan wasu kwalejoji suka zauna a Fresno ta jihar Kalifoniya suka kafa hukumar wasanninsu, NJCAA, saboda hukumar jami'o'i, NCAA, ba ta ba su wuri a gasanninta ba. An buga gasar ƙwallon kwando ta ƙasa ta farko a 1948 a Springfield ta jihar Missouri, a 1949 aka mayar da ita Hutchinson, wani matsakaicin gari a tsakiyar gonakin alkama na jihar Kansas, kuma nan ta zauna. Duk watan Maris ƙungiyoyin da suka tsallake gasar yankunansu, waɗanda yanzu 24 ne, suna haɗuwa a can su yi mako guda suna fafatawa, kujerun gefe cike da kociyoyin jami'o'i da mataimakansu, kowa da littafinsa na rubutu. NJCAA tana da kwalejoji sama da 500 a matakai uku. Na matakin farko suna iya ɗaukar nauyin ɗan wasa gaba ɗaya, wato kuɗin karatu da ɗaki da abinci da littattafai. Na biyu karatu da littattafai kawai suke biya. Na uku ba sa biyan komai saboda wasa. Kwalejojin Kalifoniya suna da tasu hukumar daban, su ma ba sa ba da tallafin wasa. Wannan bambanci ƙarami ne ga ɗan Amurka da ke kwana a gidan iyayensa, amma ga wanda ya taso daga Kano ko Abuja, shi ne ke raba tafiya da zama.

Zawarcin ya kankama ne a shekarun 1960, lokacin da jami'o'in Amurka suka fara buɗe ƙofa ga baƙaƙen fata da gaske. Da yawa daga cikin waɗannan samari sun fito ne daga makarantun da wariyar launin fata ta hana kuɗi da malamai, ga ƙwarewa a fili amma takarda ba ta cika ba. Spencer Haywood ya yi shekara ɗaya a kwalejin Trinidad ta jihar Colorado, daga nan aka ɗauke shi cikin tawagar Amurka zuwa gasar Olamfik ta Meziko a 1968, yana ɗan shekara 19, ya fi kowa a tawagar jefa ƙwallo, suka dawo da zinare. Artis Gilmore ya fito daga Gardner-Webb ya kai ƙaramar Jami'ar Jacksonville wasan ƙarshe na ƙasa a 1970. Bob McAdoo ya bi ta Vincennes zuwa North Carolina, Nate Archibald ta Arizona Western zuwa El Paso. Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Jerry Tarkanian. Shi kansa kocin ƙaramar kwaleji ne, ya ci kofin Kalifoniya sau huɗu a jere daga 1964 zuwa 1967, kuma da ya koma jami'a, a Long Beach sannan Las Vegas, sai ya riƙa cika ƙungiyarsa da irin yaran da ya saba da su. A 1990 ƙungiyarsa ta lallasa Duke da ci 103 da 73 a wasan ƙarshe, tauraronta kuwa Larry Johnson ne, wanda ya zo daga kwalejin Odessa ta Texas.

Dalilin kociyoyi a bayyane yake. Yaron da ya fito daga sakandare ɗan shekara 18 ne, jikinsa bai gama nuna ba, yakan ɗauki kaka ɗaya ko biyu kafin a more shi. Wanda ya fito daga ƙaramar kwaleji ya kai 20, ya buga wasa wajen 60 da manya, ya saba da tafiyar mota ta dare da zaman nesa da gida. Kocin da tsakiyarsa ta ɓule saboda dogonsa ya gama karatu, ko sabon kocin da aka ba shekara uku ya gyara ƙungiya ko a sallame shi, ba shi da lokacin reno. Illar ita ce kaka biyu kawai suka rage wa ɗan wasan, domin dokar NCAA ta ba kowa kaka huɗu cikin shekara biyar, kuma ana fara ƙirga ne daga ranar da ya yi cikakkiyar rajista a kowace kwaleji. Ga kuma ƙyama. Manyan jami'o'i masu ji da kansu sun daɗe suna kallon ɗan juco a matsayin wanda karatu ya kayar ko mai taurin kai. Bob Knight na Indiana ya yi shekaru yana guje musu, har ya sauya ra'ayi ya ɗauko Keith Smart daga Garden City ta Kansas da Dean Garrett daga San Francisco. Smart ne ya jefa ƙwallon da ta ba Indiana kofin 1987 a kan Syracuse, 74 da 73, saura daƙiƙoƙi a tashi. Bayan wannan dare ƙyamar ta ragu sosai.

Abin da ya fi komai cika ƙananan kwalejoji da gwanaye doka ce. A Janairun 1983 NCAA ta amince da ƙa'idar da aka sani da lamba 48, ta fara aiki a 1986. Ta ce sabon ɗalibi ba zai buga wa jami'a wasa ba sai yana da matsakaicin maki 2.0 cikin 4.0 a darussa 11 na tushe, kuma ya sami 700 a jarrabawar SAT ko 15 a ACT. Masu goyon baya suka ce an gaji da jami'o'in da ke amfani da yara shekara huɗu su sallame su ba digiri. Masu adawa suka ce jarrabawar tana auna irin makarantar da yaro ya fito ne fiye da ƙwaƙwalwarsa, kuma baƙaƙen fata ne za su fi shan wuya. Da aka ƙara tsananta dokar a 1989 har ta hana irin waɗannan ɗalibai tallafi, John Thompson, kocin Georgetown, ya fice daga fili kafin a fara wasa don nuna ƙin yarda. Kowane ɓangare yana da hujja, amma sakamakon ɗaya ne: wanda bai cika sharaɗi ba sai ya nufi ƙaramar kwaleji, ya sami shaidarta, ya dawo ta gefe. Daga nan wata al'ada ta yi ƙarfi, wadda za a iya kira ajiya. Kocin jami'a ya ga yaro yana so, takarda ta hana, sai ya buga wa abokinsa kocin kwaleji waya ya ce a riƙe masa shi shekara biyu. Babu rubutacciyar yarjejeniya, amana ce kawai, kuma ba kullum ake riƙe ta ba, domin idan yaron ya bunƙasa manyan jami'o'i sukan yi masa caa.

Inda takarda ta zama mabuɗi, ba a rasa masu saran mabuɗi. A shekarun 1990 an kama jami'o'i da dama suna sama wa 'yan wasa maki ta darussan wasiƙa da wasu ke rubuta musu, har aka gurfanar da mataimakan kocin Jami'ar Baylor a kotun tarayya aka same su da laifi. A 2003 Jami'ar St. Bonaventure ta sa wani ɗan wasa da ya zo da takardar koyon walda maimakon cikakkiyar shaidar kwaleji, kuma da asiri ya tonu shugaban jami'ar ya ajiye aiki. NCAA ta mayar da martani da ƙarin sharuɗɗa. A 2012 ta ce ɗan ƙaramar kwaleji sai ya kawo maki 2.5, sama da abin da ake nema daga ɗalibin da ke cikin jami'ar tuntuni, kuma idan tun farko bai cancanta ba, dole ya kammala shaidar da darussan Turanci da lissafi da kimiyya waɗanda jami'a za ta karɓa. Akwai rashin adalci a nan: laifin na manya ne masu albashi, hukuncin kuma ya sauka a kan yara.

Najeriya ta shigo wannan labari ta wata hanya daban. Ƙwallon kwando ta bazu a ƙasar ta makarantu da barikokin soja da 'yan sanda, kuma hukumarta ta shiga hukumar wasan ta duniya, FIBA, a 1964. Hakeem Olajuwon ɗan ƙwallon hannu ne a makarantar Muslim Teachers College ta Legas, kuma a bikin wasannin makarantun horon malamai da aka shirya a Sakkwato ne aka ja shi cikin ƙungiyar ƙwallon kwando yana ɗan shekara 15. A 1980 ya sauka Jami'ar Houston wurin koci Guy Lewis, ya kai ta wasan ƙarshe a 1983 da 1984, NBA ta zaɓe shi na ɗaya a 1984, gaba da Michael Jordan, ya ci kofi a 1994 da 1995. Shi bai bi ta ƙaramar kwaleji ba, amma bayansa kowane kocin Amurka ya shiga mafarkin samun dogon Najeriya da ba wanda ya gani. Yinka Dare, haifaffen Kano, ya bi ta makarantar share fage a Connecticut zuwa Jami'ar George Washington, aka zaɓe shi na 14 a 1994.

Sai dai Olajuwon ya tafi ne kafin ƙa'ida ta 48. Waɗanda suka biyo shi sun tarar da bango. Ɗan Najeriya yana iya zuwa da kiredit ɗinsa na WAEC, amma sai an aika sakamakon da takardun makinsa na shekarun sakandare zuwa ofishin tantancewa na NCAA, an auna su da ma'aunin Amurka. Makarantu da yawa ba su ajiye irin wannan bayani yadda ake so ba. Jarrabawar SAT da kuɗin waje ake biyanta, a 'yan cibiyoyi a manyan birane. Wanda ya daɗe da gama sakandare yana buga wa kulob wasa, ko da alawus ɗin mota kawai ake ba shi, ana iya tuhumarsa da zama ƙwararre, ko a rage masa kakanni. Ga shi kuma yawancin yaran sun fara wasan a makare, tsawo da ƙarfi sun zo amma hannu bai goge ba. Ƙaramar kwaleji ta warware waɗannan matsaloli kusan duka a lokaci guda: sharuɗɗan shigarta masu sauƙi ne, tana iya ba da takardar I-20 da ake neman bizar ɗalibi da ita, tana ba da shekara biyu na horo kullum, kuma a ƙarshe makin da jami'a za ta duba na Amurka ne.

Babu garin da ya fi Zariya muhimmanci a wannan babi a duk Arewa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da filaye da ɗalibai daga kowace kusurwa, ta kuma samu Oliver B. Johnson, Ba'amurken koci da kowa ke kira OBJ, wanda ya zauna a garin shekaru da dama yana koya wa yara wasan tun daga tushe. Cikin yaran da suka taso a hannunsa akwai Masai Ujiri. An haife shi a Bournemouth ta Ingila a 1970, ya girma a Zariya inda iyayensa ke aikin lafiya, ya bar ƙwallon ƙafa ya kama ta kwando yana ɗan shekara 13. Ya yi sakandare a Seattle, sannan ya shiga Bismarck State College, ƙaramar kwaleji a jihar North Dakota, inda hunturu ke daskarar da koguna. Ya yi shekara biyu a can, ya wuce jami'a a Billings ta Montana, bai daɗe ba ya tafi Turai ya yi wasan neman abinci na wasu shekaru. Bai taɓa buga wasa ɗaya a NBA ba. Abin da ya koya a wannan yawo shi ne ganin ɗan wasa tun kafin wasu su gan shi. A 2002 ya fara leƙo wa Orlando Magic 'yan wasa ba albashi, Denver ta ɗauke shi aiki, ya je Toronto, ya dawo Denver a 2010 a matsayin babban manaja, ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan kujera. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi, ya koma Toronto Raptors, ta ci kofin NBA a 2019.

Abokinsa Godwin Owinje shi ma ta Bismarck ya bi, daga can ya shiga Georgetown wurin John Thompson ɗin nan da ya fice daga fili. Su biyun suka kafa Giants of Africa a 2003, suka fara da sansanonin horo, ɗaya a Arewa na zaɓaɓɓun yara 50, ɗaya a Kudu na dogaye. Muhimmancin sansanin shi ne ya tara yaran a wuri ɗaya, a auna tsawonsu, a ɗauki bidiyonsu, a sami mutum mai suna da kocin Amurka zai yarda da maganarsa. A wannan shekarar ce kuma NBA ta fara sansaninta na Afirka a Johannesburg.

Wasu sun bi hanyar da salo daban. Festus Ezeli ya gama sakandare a Benin yana ɗan shekara 14, aka tura shi Kalifoniya a 2004. Ya yi rajista a kwalejin Yuba amma ba cikakkiya ba, don kada a fara ƙirga masa shekarun nan biyar, yana atisaye da ƙungiya yana ɗaukar musu bidiyo. Ya shiga Vanderbilt da kakanninsa huɗu cif, Golden State ta zaɓe shi a 2012, ya ci kofi a 2015. Ehimen Orukpe daga Legas ya bi ta Three Rivers a Missouri, yana cikin ƙungiyar Wichita State da ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a 2013. Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne kuma ya buga wa tawagar maza ta Najeriya, D'Tigers, ya fara ne a wata ƙaramar kwaleji a Utah, ya zo ya kai Boston Celtics wasan ƙarshe a 2022 a matsayin koci. Mata sun ci moriyar hanyar ƙwarai, kuma ba a cika faɗa ba. Aisha Mohammed ta bi ta Central Arizona zuwa Jami'ar Virginia, ta yi shekaru tana riƙe tsakiyar tawagar mata ta Najeriya, D'Tigress. Evelyn Akhator ta tashi daga Legas zuwa kwalejin Chipola a Florida, ta ci kofin ƙasa da ita a 2015, ta wuce Kentucky, Dallas Wings ta zaɓe ta ta uku a 2017, a shekarar kuma ta taimaka wa Najeriya ta ɗauki kofin Afirka.

Waɗannan su ne sunayen da aka ji. A bayansu akwai waɗanda suka ji rauni a kakar farko tallafi ya yanke, da waɗanda makinsu bai kai ba suka rasa jami'a biza kuma ta ƙare, da waɗanda dillalai suka karɓe wa iyayensu kuɗi da alkawarin gurbi. An sha samun yaran Afirka cunkushe a gida ɗaya a Amurka, fasfo a hannun wani, makarantar da aka rubuta a takardarsu ba ita suke zuwa ba. Mai wata makaranta a Charlotte ta jihar North Carolina, Evelyn Mack, ta amsa laifi a kotun tarayya kan ba da takardun biza ga ɗaliban ƙetare, da yawansu 'yan ƙwallo, waɗanda ba karatu suke yi a wurinta ba. Mafi yawan irin wannan ɓarna a matakin makarantun share fage take faruwa, inda sa ido ya yi ƙaranci. Kwalejin gwamnati da ke ƙarƙashin NJCAA ta fi tsabta, domin sunanta da kocinta da jadawalinta duk a bayyane suke, kuma koci na gaskiya ba ya neman a biya shi kafin ya ba da gurbi.

Abuja ta shigo a makare, domin sai a Disambar 1991 gwamnati ta tare a cikinta. Amma yau duk wanda zai bi wannan hanya daga Arewa, da wuya bai ratsa ta ba. Nan ofishin jakadancin Amurka yake, inda ake ganawar biza, da sashensa na ba ɗalibai shawara. Nan babban filin wasa na ƙasa yake, wanda aka gina don gasar Afirka ta 2003 aka sa masa sunan Moshood Abiola a 2019, da zaurensa na cikin gida da ake buga gasanni da sansanoni. A 2013 NBA tare da ExxonMobil da Africare suka ƙaddamar da shirin Power Forward a makarantun sakandare goma na birnin, Olajuwon da kansa ya halarta. Mark Mentors ta Abuja ta ci gasar ƙasa ta maza a 2015, Air Warriors ta ci ta mata a 2019, yayin da Kano Pillars ta daɗe tana mamaye ɓangaren maza na Arewa.

Durumi, unguwar Abuja da ke maƙwabtaka da Area 1 ta Garki da Gudu da Kaura, tana nuna yadda damar ta rabu. Asalinta ƙauyukan Gbagyi ne da birni ya cim musu, kuma har yau tsofaffin matsugunai suna nan gefe da sababbin rukunin gidaje. A cikinta makarantar American International School of Abuja take, mai koyar da manhajar Amurka, wadda ɗalibinta ke fita da irin takardar da ofishin NCAA ke karantawa ba tare da fassara ba. A cikinta kuma akwai sansanin 'yan gudun hijira da aka kafa tun 2014, mafi yawansu mutanen Gwoza da wasu sassan Borno da rikicin Boko Haram ya koro, inda samun zama a aji kullum ma nasara ce. Daga kowanne zuwa babban filin wasa tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Tsawo da ƙashi ba su san gidan da aka haifi yaro ba, amma zawarcin Amurka yana bin takarda ne: shaidar haihuwa da ba ta sauya ba, sakamakon sakandare cikakke, fasfo, bidiyon wasa na gaske ba na atisaye ba, da kuɗin jirgi da na biza da dala 350 ta rajistar ɗaliban ƙetare. Ƙaramar kwaleji ta sauƙaƙa sharaɗin maki, amma ba ta ɗauke ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abin takaici shi ne Najeriya tana da ginshiƙan irin wannan tsari a gida. Jami'o'i suna da gasar NUGA tun 1966, kwalejojin fasaha suna da NIPOGA, na ilimi suna da NICEGA, ga kuma hanyar shiga aji biyu kai tsaye. Sai dai waɗannan bukukuwa ne na kwanaki da ake yi jefi-jefi, ba kakar wasa ta wata biyar ba, kuma babu al'adar kocin jami'a ya je kwalejin fasaha ya ɗauko ɗan wasa da tallafin karatu. Rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ya ƙara dagula lamarin. A 2017 an yi zaɓe biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, gasar ƙasa ta yi shekaru tana tangal-tangal, a 2022 gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin duniya, kafin ta janye matakin D'Tigress ta riga ta rasa gurbinta a gasar kofin duniya, aka ba Mali. Tawagogin da suka ɗaga sunan ƙasar, D'Tigers da suka ci kofin Afirka a 2015 suka doke Amurka 90 da 87 a 2021, da D'Tigress da suka kai zagayen kwata fainal a Olamfik ta Paris a 2024, galibin 'yan wasansu makarantun waje ne suka rene su.

A Amurka ma kiɗan ya canza. A 2018 NCAA ta buɗe rumbun intanet da ɗan wasan jami'a zai sa sunansa idan yana son sauya sheƙa, a 2021 ta soke zaman jiran shekara ɗaya da ake yi wa mai sauyawa, a shekarar kuma ta yarda 'yan wasa su karɓi kuɗi da sunansu da hotonsu. Kocin da a da zai tuƙa mota zuwa Hutchinson neman gogaggen ɗan shekara 20, yanzu yana iya samunsa daga wata jami'a a kwamfutarsa. A 2023 aka cire sharaɗin SAT da ACT gaba ɗaya, wato ainihin dokar da ta cika ƙananan kwalejoji a 1986. Duk da haka ƙofar ba ta rufe ba. Jimmy Butler ya fito daga Tyler, Chris Boucher da ya ci kofi da Toronto ya ratsa ƙananan kwalejoji biyu, Dalton Knecht da Lakers ta zaɓa a 2024 ya fara ne a wata a Colorado, kuma matsakaitan jami'o'in da manya ke kwashe wa 'yan wasa duk shekara sun koma cike gurbi daga can. A Disambar 2024 wani alƙalin tarayya a Tennessee ya ba ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, Diego Pavia, damar ƙarin kaka, bisa hujjar cewa ƙirga masa shekarun ƙaramar kwaleji yana tauye shi, NCAA ta ba takwarorinsa irin wannan rangwame na kakar 2025 zuwa 2026. A Yunin 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 kowace jami'a a shekarar farko. Ɗan Najeriya mai bizar ɗalibi yana da wahalar cin wannan kuɗi, domin bizar ta taƙaita aikin da zai yi a cikin ƙasar. A Yulin 2025 kuma Amurka ta rage yawancin bizar da take ba 'yan Najeriya zuwa shiga ɗaya cikin wata uku, abin da a lokacin ke nufin ɗan wasan da ya zo hutu gida sai ya sake neman wata kafin ya koma kwalejinsa.